Me ya sa ƙarfen silba ke ɓarewa a cikin tanderu?

Tambaya: Ina da tanderu mai aiki da baƙin mai, zafinsa yakan kai digiri 900 a ma'aunin Salsiyas. Baƙin ƙarfe ya cinye, na koma silba (ƙarfen da ba ya tsatsa, wato stainless steel) mai lamba 304, shi ma ya fara zubar da ɓawo. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, baƙin ƙarfe dama ba wurinsa ba ne. Da zarar zafi ya haura digiri 570, ɓawon tsatsa mai kauri ke fito masa, yana girma da sauri yana zubewa.

Abin da ke kare silba shi ne sinadarin kuromiyam. Yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi siririyar fata da ke hana iska kaiwa ga ƙarfen. 304 na da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, yana jure kusan digiri 925 idan wuta ba ta mutuwa, amma 870 kacal idan ana kunnawa ana kashewa. Dalili kuwa, ƙarfen ya fi fatar buɗewa da tsukewa, sai ta tsage ta faɗi. Duk sabuwar fatar da ya yi, kuromiyam ɗin samansa take ci, har ya ƙare. Tanderun da ake kashewa kullum da dare ya wuce ƙarfin 304.

Nemi silba mai lamba 310, mai kuromiyam kashi 25 da nikel kashi 20, wanda ke jure digiri 1035 ko da ana kashe wuta. A yi waldarsa da sandar E310, kuma kada a watsa masa ruwa yana ja.

Sai dai baƙin man nan ya fi damuna. Yana ɗauke da farar wuta, ita kuma in ta haɗu da nikel, abin da suke haifarwa yana narkewa tun wajen digiri 640, musamman idan iska ta yi ƙaranci wuta na hayaƙi. Ka ƙara wa wutar iska. In man ba zai sauyu ba, 446 ya fi dacewa, domin kuromiyam ɗinsa ya kai kashi 25 kuma kusan babu nikel, amma yana lanƙwashewa da zafi, sai an ƙara masa madogari.

Wajen saye kada ka dogara da mayen ƙarfe: ba ya kama 310, amma silba mai araha mai lamba 201 ma ba ya kama shi. Duba lambar da aka buga a jikin farantin.