Amsa ga uwar da ɗanta ya fara zaman majalisar bakin layi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, na ga tambayarki kan yaronki ɗan shekara 15 da ya fara yawo da samarin da hankalinki bai kwanta da su ba, kina neman yadda zai samu abokan kirki. Allah Ya shirya mana su baki ɗaya.

Ni dai abin da na gani a kan nawa yaran, "kar na sake ganinka da wane" ba ta aiki a wannan shekarun, sai dai ya koma haɗuwa da su a bayan layi inda idonki ba ya kaiwa. Yaro ba zai zauna ba aboki ba, in kin raba shi da wasu dole ki kai shi inda zai samu wasu. Kuma lokacin da ake ɗauke mana su sananne ne, daga la'asar zuwa bayan isha'i, sai dogon hutun nan na bayan jarrabawar JSS3.

Babban nawa a hutun ne babansa ya kai shi koyon gyaran waya a Farm Centre nan Kano, amma sai da ya binciki halin mai shagon tukuna, yau yaran shagon su ne aminansa. Ƙaninsa kuwa ƙwallo ce ransa, ban hana ba, muka nemi kulob ɗin unguwa da kocinsu ke tsayar da tirenin da an kira magariba. Islamiyyar dare, hadda, 'yan agaji, duk wuraren samun abokai ne, amma ki bi wanda shi yake so, in kin tilasta zai dinga zillewa.

Sannan dan Allah ki buɗe musu gidanki. Ki dafa ɗanwake ko taliya da manja ki ce ya kira abokansa, a nan za ki ji gaisuwarsu ki san ɗan gidan waye. Wanda kullum ba ya yarda ya shigo sai dai ya yi filashin daga waje, toh ki sa ido a kansa.

Maganar shaye-shaye kuma kar ki ce ɗana ba zai yi ba, tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin amma tramol da sholisho suna nan a unguwanni. In kin ga jan ido, barcin rana ba dalili, kuɗi na ɓata a ɗaki, kar ki rufa don kunyar maƙwabta, ki faɗa wa babansa a ranar, ku jawo kawunsa ko wani yayan da yake jin nauyi ya dinga janshi a jiki.