Makarantar Soja za ta gyara min ɗana?

TAMBAYA: Malam, maigidana soja ne, yana bakin aiki a Borno, mu kuma muna barikin Basawa. Ɗanmu mai shekara 12 ya canza: ya daina zuwa Islamiyya, sai na yi da gaske yake sallah, kullum faɗa da 'ya'yan maƙwabta. Kakansa, tsohon soja, ya ce a kai shi Makarantar Soja ta Zariya su ladabtar da shi. Wani kuma ya ce in kawo kuɗi ya sama masa gurbi. Hankalina a tashe yake.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya dawo da maigida lafiya. Mai neman kuɗin nan ɗan damfara ne, kada ki ba shi ko sisi. Da jarrabawa, ganawa da gwajin lafiya ake shiga makarantar.

Maganar Baba, kakan yaron, ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai wani uba ya shigo ofishina da ita. Makarantar Soja ba gidan gyaran hali ba ce. An kafa ta a 1954, kuma aikinta shi ne ta ɗauki yaro mai ƙwazo da sha'awar kaki, ta haɗa masa boko da horon soja har shekara shida. Tunde Idiagbon, David Mark da Buba Marwa duk can suka yi. Amma yaron da aka jefa can a matsayin hukunci ya san korar sa aka yi daga gida. Zai koyi goge takalmi da sara wa na gaba, ya kuma ƙware wajen ɓoye abin da ke cin sa. Ya zo hutu yana "yes sa", a ce ya shiryu, alhali tsoro ne kawai.

Wannan tunanin, na cewa sai baƙon hannu mai zafi ne zai gyara ɗa, shi ne ya cika gidajen mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari da ke Rigasa, Kaduna, a 2019: mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Iyaye ne suka kai su, har da biyan kuɗi! Duk da haka ana ta raɗa wa mata a bariki cewa akwai wani malam mai zafin hannu. Annabi (SAW) ya ce kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi game da kiwonsa. Ke da mahaifinsa za a tambaya, ba kofur ko mai mari ba.

Ki lura da lokacin da canjin ya fara. Yaron bariki yana ganin ranar da manya suka tsaya a ƙofar maƙwabta, yana jin kukan da ke biyo baya. Ba zai ce miki yana tsoron mutuwar babansa ba, sai dai ya naushi wani. Ki zaunar da shi bayan isha'i, ƙannensa sun yi barci, ki tambaye shi abin da yake ji ana faɗa game da Borno. Duk ranar da aka samu sabis, mahaifinsa ya yi hira da shi shi kaɗai, ban da faɗa. Sallah kuwa, ki roƙi kawunsa ko wani dattijon maƙwabci ya riƙa biyo masa zuwa masallaci.

Ki duba aljihunsa da jakarsa. In kin ji warin sholisho, ko kin ga ƙwayar da ba ki sani ba, ko barcinsa ya rikice, ki kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika. In ya natsu kuma shi da kansa ya ce yana son kakin, Baba ya saya masa fom.