Amsar Baffa kan soso da kayan ɗakin mai ɗakinka

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma ji yadda kuka yi da gwaggon mai ɗakinka. Ka ce tunda amaryata ta fara rarrafe tana dafa kaya tana miƙewa, kullum sai ta kwana da ƙulu a goshi, shi ya sa kake so ka liƙa soso a kusurwar gado da durowa da teburin gilashi, ka shimfiɗa wani a kan tayil, ka kuma sa a sauya soson kujerun da ya lotsa. Ita kuwa gwaggo ta ce ba a san namiji da taɓa kayan ɗakin mace ba, kuma su da aka raina a kan tabarma ga su nan garau. Kana tambaya ko al'ada ta hana, in kuma ba ta hana ba, wane soso za ka saya.

Gwaggo tana da gaskiya a rabin maganarta, kada ka raina ta. Gida naka ne, amma gado da katifa da kujeru da duk abin da aka yi jere da shi, iyayen yarinyar nan ne suka yi mata, dukiyarta ce. Ko ƙusa ɗaya ba ka da ikon bugawa a jikinsu sai da yardarta. Sannan akwai abin da gwaggo ba ta faɗa ba, shi ne ya fi ci mata rai: in aka ji ka farke kujerun da ba su daɗe ba, za a ce ka nuna surukinka ya yi wa 'yarsa kayan araha. Saboda haka ka bar maganar ta fito daga bakin matarka, ita za ta gaya wa gwaggonta cewa jaririya ce ke jin ciwo. Kai naka biyan kuɗi da yin shiru. Ko da ka ga soson ciki kamar ƙunshin algaragis, kada kalmar aibu ta fita daga bakinka a gaban dangin matarka.

Ɗaya rabin kuwa, na cewa a da ba a tare komai, nan ne ban bi ta ba. Ɗakin da aka raine mu daɓen ƙasa ne, gadon kara ne ko na ƙasa, gefensa a dulmuɗe yake. Yaro ya faɗi ya tashi ya karkaɗe. Ba tayil, ba gilashi, ba kusurwar da ke yanka. Kuma Bahaushe bai taɓa ƙin tare jiki daga abu mai tauri ba. Mai tallan ruwa ba ya ɗora tulu sai da gammo. Ba a yi wa jaki lodi sai an ɗora akumari. Dukawa suna cusa tumtum, mata suna cika matashi da audugar rimi. Tun zamanin Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi, rigar da ake cusa wa auduga a ɗinke ta gida-gida don kibiya da takobi kada su kai ga doki da mahayinsa, har yau kana ganin 'yan lifidi a Hawan Daushe. Abin lura shi ne ba a cusa su da abu ɗaya. Gammo tsumma ne, akumari ciyawa ce, lifidi auduga. Kowanne an duba aikin da zai yi. Abin da nake so ka yi da soso ke nan, domin in ka je kasuwa ka ce a ba ka soso kawai, wanda ya fi yi wa mai shago riba za a miƙo maka.

Fara da kujerun, tunda su ne za su ci kuɗi. Soson kushin da na katifa duk iri ɗaya ne a asali, wanda Jamusawa suka gano haɗinsa a 1937, ya kuma shigo gidajenmu bayan kamfanoni irin su Vitafoam, da aka kafa a 1962, sun fara yin sa a ƙasar nan. Masu sana'ar suna rarrabe shi da abin da suke kira densiti, wato nauyin kilo nawa ne a dunƙulen da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa duk mita ɗaya-ɗaya ne. Ga lissafi mai sauƙi da za ka yi a tsaye: falle mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, kaurin santimita 10, in densiti 30 ne zai yi kilo 6, in 15 ne kilo 3 kacal. Ka sa a ɗora a sikeli a gabanka. Wurin zama yana son mai nauyi, wajen 30 ko kusa da haka. Jingina da hannun kujera, mai sauƙi ya wadatar, tunda ba su ke ɗaukar mutum ba.

Kada tauri ya ruɗe ka. Tauri daban, nauyi daban. Akwai soson da za ka danna ka ji shi ƙam, bayan 'yan watanni ya zama rami, domin ƙarancin sinadari aka ɓoye da tauri. Akwai kuma masu zuba garin farar ƙasa a haɗin don ya yi nauyin ƙarya. Ka matse gefensa da ƙarfi a tafin hannunka ka saki, mai kyau nan take yake komawa yadda yake. Ka goga yatsa a inda aka yanka, in ka ga gari yana bin hannunka, ajiye musu kayansu. Kuma ka je da kanka ranar da mai kushin zai rufe da yadi. Ba zargi ba ne, amma in yadi ya hau, ba mai sanin abin da ke ciki sai duwawu.

Na ƙasa kuma, inda yarinya za ta yi wasa, soson katifa bai dace ba ko kaɗan. Ƙofofinsa a buɗe suke, yana shan ruwa. Fitsari ɗaya, koko ɗaya, ya shige ciki ya zauna, ɗaki ya ɗauki zarni, damina ta zo ya yi funfuna. Nemi irin wanda ake yin silifas da shi, mai rufaffun ƙofofi, ana sayar da shi falle-falle masu haƙora da ake sarƙa su da juna. Wannan ba ya jiƙa, a goge da tsumma an gama. Kaurin santimita 1 zuwa 2 ya isa rarrafe da tatata. In sabo ne yana wari, ka bar shi a inuwa a tsakar gida ya sha iska 'yan kwanaki kafin a shigar. Ka duba kada ka ɗauko mai ƙananan haruffa da ake ɓallewa, domin duk abin da hannunta ya kama baki zai nufa. In Hajiyarku tana shigowa ɗakin, a tabbata bakin shimfiɗar ya kwanta sarai, tsoho tuntuɓe yake yi da abin da yaro zai tsallake.

Kusurwoyi su ma irin wannan mai ƙarfin suke so. Gwajinsa ɗaya ne: ɗora shi a kan kusurwar ka danna da babban yatsa. In ka ji kaifin katakon a yatsanka, goshinta ma zai ji. Soso mai laushi yana lotsewa har ƙasa, bai tare komai ba. A wurin liƙawa ne al'adar da muka fara da ita za ta dawo: kada ka shafa gam mai ƙarfi irin na masu takalma a jikin gadonta, ranar ɓamɓarewa da fentin zai tafi, ka ɓata mata kaya har abada. Yi amfani da salatif mai manne ta fuska biyu, ko a ɗinka riga a ɗaure da igiya ta baya. Teburin gilashin nan kuwa, ni a ganina a kai shi wani ɗaki har ta yi wayo, ya fi kowane soso. Farin nan mai ƙuraje da ake samu a kwalin talabijin, kada ka yi tsimi da shi. Yana marmashewa, yaro ya cusa a hanci ko ya haɗiye, kuma in ya lotse sau ɗaya ba ya tasowa.

Wuri ɗaya ne ba na so ka ƙara laushi ko kaɗan, wato inda jariri ke barci. Na san mata suna son kewaye shi da matasai don ƙauna, amma jaririn da bai iya juya kansa ba, in fuskarsa ta nutse a abu mai laushi numfashi yake rasawa. A Amurka har doka aka yi a 2022 ta hana sayar da tsumman soson da ake kewaye gadon jarirai da shi. Shimfiɗa mai ɗan tauri, a kwantar da shi rigingine, shi ke nan. Ka riƙe wannan saboda ƙanenta in Allah ya kawo. A nan tabarmar gwaggo ta fi katifar zamani.

Sai wuta, wadda ita ce ta fi damuna. Soso daga man fetur aka samo shi, in ya kama yana ci da sauri yana ɗiga, hayaƙinsa baƙi ne mai guba da ke sumar da mutum kafin harshen wutar ya iso gare shi. A Ingila gobarar wani babban kanti a Manchester a 1979 ta kashe mutum 10, hayaƙin soson kujeru ne ya yi ɓarnar, daga baya a 1988 suka kafa doka kan irin soson da za a sa a kayan gida. Mu kuwa ga turaren wuta, ga kaskon gawayi da hunturu, ga maganin sauro na kunnawa, ga kyandir in an ɗauke wuta, duk a ɗaki ɗaya da kujeru. Audugar rimin da ake cika matashi da ita, ita ma ba ta wasa da tartsatsi. To ka gaya wa mai ɗakinka cikin lalama, kaskon turare a ajiye shi a kan tayil tsirara, nesa da shimfiɗar yarinya da gefen kujera, kuma kada a fita a bar shi. Kada ka rufe soket ko wayar wuta da soso don gudun hannunta, akwai murfin roba da ake yi don haka.

Tsohon soson da za a cire daga kujerun, kada ka bari mai kushin ya tafi da shi sai ka tambaye ta, shi ma nata ne. Wataƙila ta so a yi mata matasan jingina da shi, ko ta ba wata 'yar'uwarta. In an gama aikin ka ɗauki matarka da yarinyar ku je ku gaida gwaggo, ka riƙa mata ɗan goro da turmin atamfa in da hali, kada kuma ka tayar da zancen sai in ita ta tayar. Ka gaishe min da Hajiya, ka ce wa amaryata ina nan tafe bayan sallah.