Tambayoyin Masu Karatu: Bidiyon marina da wayar hannu

Tambaya: Assalamu alaikum, ni malamin firamare ne a Kano, ina so in haɗa ɗan gajeren bidiyo kan marinar Ƙofar Mata don yarana su ga yadda ake rini, amma waya kawai gare ni, na gwada sau ɗaya wallahi ba abin da ake ji sai ƙarar adaidaita sahu. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Wayar nan ta isa, sautin ne ya ba ka matsala, kuma mutane sun fi haƙuri da hoto mai dishi-dishi a kan magana da ba a ji. Ka nemi ɗan makirfon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, ka je da sassafe kafin titi ya cika, hasken ma ya fi kyau lokacin.

Kar ka ce sai ka ɗauki komai, ka kama abu ɗaya, misali ƙyalle yana fitowa daga karofi, wato ramin rini, kore-kore sai ya sha iska ya koma shuɗi, to wannan shi yara za su buɗe baki suna kallo, ka matsa kusa ka ɗauko hannun marinin da ruwan baba ya rina, ka riƙe wayar a kwance, kowane ɗauka ka tsaya kamar sakan 10 ba rawa. A CapCut, manhajar gyara bidiyo ta waya, za ka yayyanke, minti 3 ya wadatar.

Ka fara gaida marina ka nemi izini tukuna, in ɗalibai za su fito a ciki a tambayi iyayensu.