Ku Tambaya Mu Amsa: Garin Limerik da Waƙar da Ta Ci Sunansa

Wasiƙu biyu ne a gabana wannan watan, ɗaya daga ƙasar Ringim, ɗaya daga wajen Kafin Hausa, kuma ikon Allah duk suna ɗaya suke tambaya a kai. Zan fara da ta Hajiya, don ita ce babba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, autana ya sami gurbin karatu a wani gari wai shi Limerik, a ƙasar Ailan. Ni ko Kano sai da dalili nake shiga. Wane irin gari ne, me suke ci, kuma zai sami inda zai yi salla? (Wata uwa, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa ya je a sa'a. Ki kwantar da hankalinki, ba irin birnin da yaro ke ɓacewa a ciki ba ne. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanensa sun ɗan haura dubu 100, shi ne na uku a Jamhuriyar Ailan bayan Dablin da Cork. A bakin kogin Shanon yake, kogin da ya fi kowane tsawo a ƙasar, jami'ar kuwa tana gefen gari, ita ma a bakin ruwan.

Rigar sanyi da rigar ruwa su ne farkon abin da zai shiga jakarsa. Can babu rani da damina irin namu, yayyafi ne kowane wata da iska mai ɗanyen sanyi daga teku. A Disamba rana na faɗuwa tun biyar ɗin yamma ba ta yi ba, a Yuni kuwa sai wajen goma na dare, don haka ya riƙe jadawalin salla da kyau. Masallaci akwai, akwai shagunan naman halal. Abincin mutanen gari dankalin Turawa ne da burodi da madara da man shanu, kuma garin ya yi suna tun da daɗewa wajen sarrafa naman alade, saboda haka ya riƙa tambaya kafin ya kai loma. Ki daka masa yaji, ki haɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Kilishi da dambun nama kuwa ki bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama daga waje. Abin da ya fi ba baƙi wahala shi ne ɗakin haya, yana tsada kuma yana wuyar samu, ya nema tun bai tashi ba.

In yana son yin abokai da wuri, ya koyi zancen hurling, wasansu na gargajiya da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda mai faffaɗan kai kamar muciya. 'Yan wasan Limerik sun ci kofin ƙasa a 2018, suka sake ci sau huɗu a jere daga 2020 zuwa 2023. Ranar Asabar kuma ya leƙa Kasuwar Madara, nan ake haɗuwa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare. A littafin 'yan aji biyu akwai wata 'yar waƙa da aka kira limerik. Na karanta musu, ba wanda ya yi dariya, har wani yaro ya tambaye ni ko sunan mawaƙin ke nan. Daga ina ta samo asali, kuma ana iya yin ta da Hausa? (Wani malami, ƙasar Kafin Hausa)

AMSA: Malam, yaran nan ba su da laifi. Raha ba ta shiga sai da harshen da mutum ke mafarki da shi. Ka ajiye littafin tukuna, ka rubuta musu wannan a allo:

Wani mai shayi a Auyo,
Ya ce ya fi kowa wayo,
Ya hana mu bashi,
Ya ce mu tashi,
Ga shayi a ƙasa, buta na yoyo.

Limerik ke nan gaba ɗayanta. Baiti ɗaya ne tak mai ɗango biyar, wato layi biyar. Na farko da na biyu da na biyar amsa-amonsu ɗaya, na uku da na huɗu gajeru ne, suna da nasu daban. Kada ka haɗa ta da ƙwar biyar ɗinmu ta rubutacciyar waƙa, inda ɗango huɗu ke tafiya tare, na biyar ya riƙe babban amsa-amon da zai ratsa baitoci masu yawa. Wannan ba buɗewa, ba rufewa, ba nasiha. Ɗangon farko ya kawo mutum da garinsu, na biyu ya faɗi taƙamarsa ko halinsa, gajerun biyu su ruga da labarin, na ƙarshe ya kwashe masa ƙafa. In ɗangon ƙarshe bai ba da mamaki ba, an yi asarar huɗun farko. (Mutanen Auyo su yi haƙuri, sunan garinku ne ya zo daidai da "wayo".)

Wanda ya yaɗa ta ba ɗan Ailan ba ne ma. Wani Ba'ingile ne mai zanen tsuntsaye, Edward Lear, da ya buga littafin waƙoƙin shirme na yara a 1846, kowane baiti da zanensa. Shi kansa bai taɓa kiran su limerik ba, sunan bai bayyana a rubuce ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19. Yawancin nasa kuma da kalmar da ya rufe ɗangon farko yake rufe na biyar, wanda a ganina rowar dariya ce. In irin nasa ne a littafinku, ka ga wani dalilin da ajin ya yi tsit.

Yadda garin ya shigo maganar, ruwaya biyu ce. Wasu sun ce a wuraren shagali ake zagayawa kowa ya ƙirƙiro baitinsa nan take, sauran su karɓa da amshin da ke gayyatar mutum zuwa Limerik. Mutanen yankin kuwa sun fi son ta biyu. A ƙarni na 18 an yi wasu mawaƙa a Croom, wani ƙaramin gari kudu da Limerik a bakin kogin Maigue, suna waƙa da harshensu na Ailan. Ɗaya daga cikinsu, Seán Ó Tuama, mai gidan giya ne. Ya yi baiti yana yabon hajarsa, yana kukan masu sha ba su biya. Abokinsa Aindrias Mac Craith ya mayar masa da cewa abin da yake sayarwar ciwo yake sa mutane. Masana ba su haɗu a kan cewa daga nan aka samo ta ba, amma duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayi ya san wannan musayar.

Ai mu ma muna da abinmu, da ya fi wannan yawa. Ga 'yan kama da ke juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya. Ga 'yan gambara. Ga tashen azumi, da yara ke bi gida gida suna tsokanar gwauro. Ga barkwancin Katsinawa da Haɗejawa, da na Kanawa da Zazzagawa, inda ambaton garin mutum kaɗai ya isa a fara dariya, kuma da sunan gari limerik ke buɗe baki. Ɗalibanka sun iya abin tun kafin su shigo aji, tsarin ɗango biyar ɗin kawai za ka ba su.

Ga yadda nake yi da jikokina da daddare a ƙofar gida. Mu fara tara kalmomi uku masu ƙarewa iri ɗaya, sannan biyu, kafin a san ma labarin wa za a yi. Sai a tafa: uku, uku, biyu, biyu, uku. Ɗangon da ya ƙi bin tafi, a rage masa kalma. 'Yan mata sun fi saurin kamawa saboda gaɗa. In sun ƙware da Hausa, sai ka koma ta Turancin, za ka ji dariyar da ka nema.

Amma ka kula da abu biyu. Da yawa daga cikin limerik da ke yawo a intanet batsa ce tsagwaronta, a mashaya ta girma, don haka kada ka tura yara su nemo da kansu. Sannan ka kafa doka tun ranar farko: ba sunan kowa, ba lahanin jikin kowa. A ƙauye mai shayi ɗaya ne, ladan ɗaya ne, kuma baitin da aka rera a aji da safe, kafin la'asar ya isa bakin rijiya. Zambo a wurinmu ya sha raba zumunci.

A 1907 jaridun Ingila sun yi wata gasa da ta ɗauki hankalin jama'a. Sai su buga ɗango huɗu, masu karatu su aiko da na biyar tare da ɗan kuɗin shiga, wanda nasa ya fi a ba shi kyauta. Mu ba kuɗin shiga, ba kuma kyauta sai ganin sunanka a wannan shafi. Ga huɗu:

Wani dillali ɗan Gujungu,
Ya ɗaure akuya a lungu,
Ya tafi cin tuwo,
Kafin ya dawo,

Na biyar ya ƙare da "gu". Malam, ka kai wa 'yan ajinka su gwada, har da yaron da ya yi tambayar. Zan buga guda uku da suka fi a fitowa ta gaba.