Horo ne ko cin zali?

Wata malamar makaranta ta rubuto mana cewa ta kalli wasan kwaikwayon Tom Brown's Schooldays, wanda BBC ta shirya a 1971 daga littafin Thomas Hughes na 1857. Ta ce: "Malam, wasu na kiran abin da manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana a wannan makarantar kwana horo. Ya dace? Kuma karin maganar icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ta halatta duka?"

Malama, bai dace ba. Horo a Hausa koyarwa ce da saba wa mutum hali. Ana horar da doki, ana horar da soja, ana horar da yaro ya iya gaisuwa. Mai horo yana nufin wanda yake horarwa da alheri. Hukunci kuwa, daga Larabci muka aro shi, kuma sai an yi laifi ake yanke shi.

To dubi abin da ya faru a makarantar Rugby ta labarin. Tom ya ƙi sayar wa wani babban ɗalibi mai suna Flashman takardar cacar sukuwa da ta faɗo masa, sai Flashman da abokansa suka riƙe shi a bakin murhu, wuta na gasa masa ƙafafu har ya suma. Ina laifin yaron? Me aka koya masa? Sunan wannan cin zali: mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi don ya ga babu mai hana shi. Haka ma al'adar nan ta mayar da ƙaramin ɗalibi ɗan aiken babba, ya goge masa takalma, ya kawo masa shayi. Duk wanda ya yi makarantar kwana a nan gida ya san ta, a tsakanin siniya da juniya.

Dukan da malamai ke yi a irin waɗannan wasanni, sanda ce siririya mai lanƙwasa, don haka a Hausa tsumagiya ta fi dorina kusa da ita. Dorina ta fatar dorinar ruwa ce, can ta samo sunanta. Ingila kanta ta hana dukan ɗalibai a makarantun gwamnati a 1987, a makarantun kuɗi kuma a 1999.

Karin maganar kuwa, ina jin zafin yadda ake jan ta zuwa inda ba ta nufa ba. Kalmar da ke cikinta tanƙwarawa ce. Na taɓa zama kusa da wani dattijo yana haɗa baka: ya jiƙa iccen, ya ɗora gwiwa, yana lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan, yana saurare kada ya ji ƙas. Abin da magabata ke nuna mana shi ne lokaci, wato a fara tarbiyya tun yaro na ƙarami. Babu bulala a cikin lafazinta, Malama, masu son duka ne suka cusa ta.