Amsar tambayarki ta tsakar gida, daga Zangon Kumasi

Yaya, ranar da muka zo biki Katsina kin yi mini tambaya, hayaniyar 'yan kai amarya ba ta bar ni na amsa ba. Kin aiki 'yata mai shekara biyar shagon bakin lungu sayen Maggi, kika ce mata za a ba ta canjin hamsin-hamsin guda biyu. Mai shago ya ba ta ɗaya, ta tsaya ƙyam ta ce saura ɗaya, har ya cika. Da ta dawo tana ba ki labari, kika riƙe haɓa kika ce, "Wai mi kuke koya ma ɗiyan nan a Kumasi? Ko bakin ne kawai?" Kika ƙara da cewa kin ji muna kai yaro boko tun bai iya Fatiha ba.

Bakin ma koya mata aka yi, da gangan kuwa. Ku a Ƙofar Marusa gari ne ke rainon yaro. Duk gidan da ya faɗa an san uwarsa, duk wanda ya tare shi Hausa zai yi masa, in ya ɓata kafin magariba an dawo da shi. Mu tun da kakanmu ya bi fataken goro ta hanyar Gwanja ya yada zango a Kumasi, baƙi muke zaune a ƙasar Asante. Yaron da ya saki hannun uwarsa a kasuwar Kejetia, cikin dubban mutanen da yawancinsu Twi, harshen Asantawa, suke ji, in bai iya buɗe baki ya faɗi sunansa da sunan uwarsa da cewa daga unguwar Aboabo yake ba, sai dai a yi ta cigiya. Shi ya sa abin da gari ke ba yaranku kyauta, mu sai mun zaunar da namu mun koya musu ɗaya bayan ɗaya.

A Gana, tun gyaran tsarin ilimi na 2007, shekara biyu kafin firamare sun shiga cikin karatun dole, yaro ya fara yana da shekara huɗu. A irin wannan aji nake koyarwa. Da kin leƙo da safe, da kin ce wasa kawai muke yi. Yaro zai gaishe ni, ya rataye jakarsa da kansa, ya je ya wanke hannu da sabulu a bokiti mai famfo da muke kira Veronica, sunan matar Gana da ta ƙirƙiro shi. A nan yake fara sanin layi, domin famfon ɗaya ne, yaran kuwa sun fi ƙarfin ƙirga da ido. A kusurwar aji muna da "shago": gwangwanayen Milo da na madara da babu komai ciki, marafan kwalba su ne kuɗi. Yau kai ne mai shago, gobe kai ne mai saye. Wanda aka rage wa canji ba a yarda ya yi kuka ko ya kai duka ba, sai ya faɗa da baki, ya ƙirga a gaban kowa. Abin da kika gani a lungunku ke nan, ta yi shi da marafan kwalba fiye da sau hamsin.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne makonnin farko. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu, don haka ɗanmu yana shiga aji ne ya tarar da Twi da Turanci. Kafin baƙi da lamba, abin da nake fara ɗora masa shi ne yadda zai ce yana jin fitsari, ko cikinsa na ciwo, ko wani ya taɓa shi inda bai kamata ba. Yaron da ya iya waɗannan, karatu zai biyo baya. Iyaye da yawa ba sa son jin haka, su dai a cika littafi da rubutu tunda sun sayi fensir, har akwai masu tambayata dalilin da ba na riƙe bulala.

Maganar Fatiha kuwa, an yi miki ƙari. A bakinmu kalmar "makaranta" ta allo ce kaɗai, ta boko "sukuu" muke ce mata. Yaro ya taso daga sukuu, ya ci abinci, ya ɗauki allonsa, Asabar da Lahadi kuma wuni ake yi. Tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, wanda ya haɗa Arabiyya da boko a makarantu da dama na zango. Malam shi ke koya masa alwala, shiga da sallama, da ci da dama. Hannun dama ma abin ya zo mana daidai, don Asantawa sun fi mu tsanani a kai: miƙa wa babba abu da hagu ba tare da ba da haƙuri ba zagi ne, gaisuwar taro kuma daga dama ake farowa. Sauran tarbiyyar a teburin sana'ar uwa take. Mai sayar da koko da ƙosai, ko shinkafa da wake da 'yan Gana suka ara daga bakinmu suke ce wa waakye, 'yarta na gefe tana miƙa leda tana cewa "medaase", wato na gode.

Inda kika yi gaskiya, ban musa ba. Yaranmu sun iya gaisuwa amma a tsaye suke yin ta, ga kallon babba ido cikin ido. Alkunyar da na gani wurin 'yan matanku, yadda yarinya ke shigowa ta durƙusa ta ajiye ruwa ta fice ba a ji motsinta ba, ta yi ƙaranci a wurinmu, kuma ba a koyar da ita da marafan kwalba. Hausarmu ma kun sha dariyarta, tunda mace ta shigo mu ce "ya zo". Kwana goman da muka yi a gidanku sun yi mata abin da na kasa a shekara biyu. Yanzu in mahaifinta ya dawo daga masallaci sai ta zube ƙasa ta ce "ina wuni, Baba", shi kuma ya rasa inda zai sa kansa don daɗi.

Hutun ƙarshen shekarar karatu a nan yana kamawa wajen watan Agusta. Idan Allah ya kai mu, kuma hanya ta yi kyau, ina so in kawo miki ita ta yi wata guda a ɗakinki. Ki koya mata tankaɗe da zama a gaban manya. In kin aike ta kuma, ki faɗa mata canjin nawa ne, don sai ta tambaya.